Tramol: jaraba, dainawa da hana komawa

Tramol, sunan da ake kiran ƙwayar tramadol da shi a Yamai da sauran garuruwan Nijar, maganin kashe zafin ciwo ne daga dangin morfin. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. A asibiti ana ba babba miligiram 50 zuwa 100 duk awa 4 zuwa 6, ba a wuce 400 a yini. Wanda masu tallar magani ke sayarwa a bakin titi kuwa, ƙwaya guda kan ɗauki 120, 200 ko 225, wato biyu kacal na iya haura iyakar yini. Yawancinsa daga Indiya yake fitowa, ƙasar da ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018. A Nijar hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato OCRTIS, ce ke farautar masu safararsa.

Yadda yake kama mutum

Da wuya a fara shansa don maye. Ɗan kabu-kabu, mai turin kura, birkila da mai haƙar zinariya suna sha ne don kada su ji gajiya. Cikin ƴan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Daga nan ba ƙarfi ake nema ba, gudun ciwon rashinta ake yi. Babban haɗarinsa farfaɗiya, wadda kan kayar da wanda bai taɓa yin ta ba, wani lokaci yana bisa babur. Haɗa shi da giya ko ƙwayar kwantar da hankali ta diazepam na danne numfashi har ya tsaya. Idan mutum ya faɗi yana karkarwa, a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko madara. In farfaɗiyar ta wuce minti 5, ko numfashi ya yi ƙasa, sai asibiti nan take.

Dainawa

Alamun rashin ƙwayar kan taso kafin a cika kwana guda da shan ƙarshe: hamma, majina, zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Sun fi tsanani a kwana na 2 da na 3, su lafa bayan kamar mako guda. Da yake tramol na taɓa sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, wasu kan ƙara da fargaba, ruɗewa da gane-gane, abin da iyali kan ɗauka iska ce. Shi ya sa ba a yanke shi lokaci ɗaya. Likita kan rage kashi 10 zuwa 25 cikin 100 duk mako, ya dakata in jiki ya ƙi, ya ba da maganin zawo da ruwan gishiri da sukari. A Yamai ana duba irin waɗannan a sashen tabin hankali na babban asibitin ƙasa, sashen da aka fi sani da Pavillon E. Ɗaure yaro da mari a ɗaki ba magani ba ne, rauni da ƙiyayya kawai yake bari.

Komawa

Nan aikin yake. Watanni 3 na farko su ne mafi wuya, domin kasala da baƙin ciki kan daɗe bayan jiki ya warware. Abin da ke mai da mutum sananne ne: fadar da ake zuba ƙwaya a shayi, ranar da kuɗi suka shigo hannu, aikin awa 14, faɗa a gida. Ana so ya lissafa nasa, ya tanadar wa kowanne mafita: sauya fada, rage awannin aiki, ba wa uwa ko mata ajiyar kuɗin yini, da mutum ɗaya da zai kira ko da tsakar dare. Ƙwaɗayin ƙwayar kan taso ya sauka cikin kamar rabin awa. Alwala, tafiya ko hira kan cinye wannan lokacin.

Wanda ya yi wata guda bai sha ba, jikinsa ya rasa sabon da ya yi, don haka adadin da yake sha a da yanzu na iya kashe shi. In ya zame, a mai da shi wurin likita a ranar, ba tare da gori ba, a sake tsara ragewar.