Jiki da Jinsi a Tunanin Siyasar Yammacin Turai

Jiki da jinsi fanni ne na falsafar siyasa da ke bincike kan yadda masanan Turai suka kafa hujja da halittar namiji da ta mace wajen yanke wanda ya cancanci mulki da wanda zai bi. Muhawarar ta faro ne a Girka, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Aflatun ya ce bambancin jinsin biyu bai wuce na haihuwa ba, don haka mace mai basira za ta iya shiga cikin masu tsaron birni da mulkinsa, ko da yake yana ganin galibi maza sun fi ƙarfi. Almajirinsa Aristotil bai yarda ba. A wurinsa mace tana da hankalin yin shawara, amma hankali ne marar iko, shi ya sa gida ya zama wurinta, dandalin siyasa kuma na maigida. Ra'ayin almajirin ne ya yi rinjaye tsawon ƙarnoni.

Daga baya aka riƙa kwatanta ƙasa da jikin mutum. A 1159 John na Salisbury ya rubuta cewa sarki shi ne kai, majalisa zuciya, sojoji da jami'ai hannuwa, manoma kuma ƙafafu. Hoton da ke farkon littafin Leviathan na Thomas Hobbes, wanda ya fito a 1651, ya fito da wannan tunani ƙarara: wani ƙaton sarki mai gashin baki ya ɓullo daga bayan tuddai, takobi a dama, sandar bishop, wato babban limamin coci, a hagu, ƙirjinsa da damatsansa cike da ɗaruruwan ƙananan mutane da suka juya baya suna kallon fuskarsa. Kai da tafukan hannu kaɗai ne nasa, kuma kan namiji ne. Abin mamaki, Hobbes ɗin nan shi ne ya ce kafin a kafa hukuma uwa ce ke da iko a kan ɗanta.

Idan mace ta hau karaga kuwa, sai kwatancin ya kwaɓe. An ruwaito cewa a Tilbury a 1588, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila ta gaya wa sojojinta cewa jikinta na mace ne mai rauni, amma zuciyarta ta sarki ce.

Juyin juya halin Faransa ya shelanta 'yancin ɗan adam a 1789, amma ya bar mata a baya. A 1791 Olympe de Gouges ta fitar da tata shelar, inda ta ce tunda ana iya kai mace dandalin kisa, dole a bar ta ta hau dandalin jawabi. An fille mata kai a watan Nuwamba na 1793 saboda rubuce-rubucenta na siyasa, kwanaki kaɗan bayan an haramta ƙungiyoyin siyasa na mata bisa hujjar cewa halittarsu ba ta dace da harkar mulki ba. A Ingila, Mary Wollstonecraft ta ce a 1792 tarbiyya ce ke raunana mata. John Stuart Mill ya kai maganar majalisa a 1867, yana neman a sauya kalma ɗaya tak a dokar zaɓe, a cire "namiji" a sa "mutum". An kayar da shi da ƙuri'a 196 ga 73. Sai a 1928 matan Birtaniya suka sami ƙuri'a daidai da maza, na Faransa kuma suka sami haƙƙin zaɓe a 1944.

A ƙarni na 20 tambayar ta sauya. Simone de Beauvoir ta ce a 1949 al'umma ce ke mayar da mutum mace, abin da ya share hanyar raba halittar jiki da matsayin da jama'a ke ɗora wa jinsi. Carole Pateman ta nuna a 1988 cewa yarjejeniyar kafa hukuma da masanan Ingila irin su Hobbes da John Locke suka bayyana tana tafe da wata ɓoyayyar yarjejeniya da ta ba maza iko a kan mata. Judith Butler ta ƙara gaba a 1990, ta ce maimaita ɗabi'u ne ke samar da jinsi, ra'ayin da har yau yake shan suka daga malaman addini da wasu masu fafutukar haƙƙin mata.