Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙananan Siffofin Titaniyam Dayoksaid

Mene ne titaniyam dayoksaid, kuma me ake nufi da ƙananan siffofinsa?

Farin gari ne da ake samu idan ƙarfen titaniyam ya haɗu da iskar oksijin, kuma kusan duk wanda ya taɓa shafa farin fenti a bango ya yi amfani da shi ko da bai san sunansa ba. Ana tace shi daga ma'adanan ilmenait da rutil, waɗanda ake haƙa a Ostareliya, Afirka ta Kudu da Saliyo. Ilmenait ɗin ma yana fitowa tare da kuza a tsaunukan Jos. Ƙwayoyin da ake zubawa a fenti suna kai nanomita 200 zuwa 300, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan aka sarrafa sinadarin ya koma ƙasa da nanomita 100, a siffar ƙwayoyi ko zare ko bututu, farinsa yana raguwa, amma faɗin fuskar da yake taɓa ruwa da iska da ita yana ninkuwa ƙwarai, a nan ne kuma amfaninsa na biyu yake farawa.

Yaya aka gano cewa haske yana sa shi aiki?

A shekarar 1972 Akira Fujishima da malaminsa Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka wallafa sakamakon wani gwaji, inda suka haska sinadarin a cikin ruwa, aka haɗa shi da ƙarfen filatinam ta waya, sai ruwan ya rabu zuwa oksijin da haidurojin. Abin da ke faruwa shi ne hasken yana tsige ilektoron, wato ƙaramar ƙwaya mai ɗauke da lantarki, daga mazauninsa a cikin sinadarin, ya bar gurbi. Ilektoron ɗin da gurbin sai su gudu zuwa fuskar ƙwayar, su haɗu da ruwa da iska, su haifar da wasu sinadarai masu kaifi da ke wargaza maiƙo, rini da ƙwayoyin cuta. Shi kansa titaniyam dayoksaid ba ya ƙarewa a wannan aiki. Ƙanƙantar ƙwayar tana da muhimmanci domin tafiyar ilektoron zuwa fuska takan gajarta, don haka ba ya saurin komawa gurbinsa kafin ya yi abin da ake so.

Ta wace hanya ake ƙera su?

Hanyar masana'antu ita ce ƙona tururin titaniyam tetrakulorayid a harshen wuta, kuma da ita ake yin garin P25 na kamfanin Degussa, wanda yanzu ake kira Evonik. Ƙwayoyinsa kimanin nanomita 21 ne, kuma ya zama ma'aunin da masu bincike ke gwada sabon abinsu da shi. Akwai kuma hanyar da Tomoko Kasuga da abokan aikinta suka bayyana a Japan a 1998, ta dafa garin a cikin soda mai ƙarfi a rufaffiyar tukunya, a zafin da ya ɗan haura digiri 100 na ma'aunin Salsiyas, har ya naɗe ya zama bututu.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta lantarki, domin kayanta kaɗan ne amma abin da take fitarwa yana da tsari mai ban mamaki. Ana tsoma fallen titaniyam a ruwan da ke ɗauke da fuloraid, a haɗa shi da ɓangaren lantarki mai alamar tarawa. Lantarkin yana gina ɓawon oksaid a kan ƙarfen, fuloraid kuma yana cinye shi, idan aka daidaita ginin da cin sai ramuka su jeru su zama bututu a tsaye kamar saƙar zuma. Ƙarfin lantarki ne ke ƙayyade faɗin bakin bututun, tsawon lokacin kuma yana ƙara masa zurfi. Ƙungiyar Craig Grimes a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka ta yaɗa wannan hanya tun daga 2001. Bayan an gama sai an gasa fallen a kusan digiri 450 kafin ƙwayoyin su jeru a tsarin da ake kira anatas, wanda ya fi ɗaya tsarin, wato rutil, kuzari a gaban haske. Idan zafin ya wuce kima sai ya rikiɗe zuwa rutil, bututun ma su rushe.

A ina ake amfani da su yau?

A man shafawa mai kare fata daga rana, inda ƙananan ƙwayoyin ke tare haske mai cutarwa ba tare da sun mayar da fuska fari fat ba. Kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da gilashin Activ a 2001, mai siririn shafe da ke wargaza dattin maiƙo, ruwan sama kuma ya bazu a kansa ya wanke. Ya kamata mai saye ya sani cewa shafen ba ya narkar da ƙura, don haka a watannin hunturu da babu ruwan sama sai an wanke da hannu. An kuma gina wata majami'a a birnin Rum, wadda aka buɗe a 2003, da siminti mai ɗauke da sinadarin domin bangonta ya daɗe da fari. A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel suka nuna cewa idan aka rina shimfiɗar ƙwayoyin da wani rini mai kama haske, za ta ba da lantarki daga rana, ko da yake har yanzu irin wannan faifai bai kamo na silikon a kasuwa ba.

Me ya hana shi tsabtace ruwan sha ko samar da makamashi mai yawa?

Matsalar tana ga hasken. Anatas ba ya motsawa sai da hasken ultrabayolet da ido ba ya gani, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke iso mana daga rana ba. Masu bincike na Toyota sun cusa masa naiturojin a 2001 domin ya karɓi hasken da ido ke gani, wasu kuma a Berkeley suka mayar da shi baƙi da haidurojin a 2011, amma ribar ba ta kai yadda aka yi fata ba. Ga kuma wahalar tace garin daga ruwa bayan ya gama aiki, wadda ita ce ta sa ake son bututun da ke manne da ƙarfe. A ganina duk wanda ya karanta cewa an kawar da rini a kofin gwaji ya tambayi yawan ruwan, irin fitilar da tsawon lokacin, domin gurɓataccen ruwan masana'anta ba ya barin haske ya ratsa shi.

Akwai haɗari ga lafiya?

Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya garin, idan an shaƙe shi, a cikin abubuwan da wataƙila suna jawo cutar, wannan kuwa ya fi shafar ma'aikatan da ke cikin ƙurarsa. Faransa ta hana zuba shi a abinci a 2020, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2022 bayan hukumarta ta abinci ta ce ba ta iya kore yiwuwar illarsa ga ƙwayoyin halitta ba. Amurka kuwa ta ci gaba da yarda da shi muddin bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin abincin ba.