Muhawarar Sauya Jinsi da Batun Yaran da Ba Su Kai Shekara 18 ba

Muhawarar sauya jinsi taƙaddama ce da ake yi a majalisun dokoki, da kotuna, da asibitoci, da zaurukan malamai a kan mutanen da aka haifa da cikakkiyar halittar namiji ko ta mace, amma suke cewa a ransu suna jin su ɗaya jinsin ne. Tambayoyi biyu ne suka fi ɗaukar zafi a cikinta. Ta farko ita ce ko furucin mutum kaɗai ya isa hukuma ta sauya masa jinsi a takardu. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce ko ya halatta likita ya ba yaron da bai kai shekara 18 ba maganin da zai tsayar masa da balaga ko ya juya masa siffar jiki. Cibiyar gardamar tana Turai da Amurka, amma labarinta yana isowa Kano ta rediyo da wayoyin hannu, inda sau da yawa ake cakuɗa shi da batun mata-maza da na 'yan daudu, alhali kowanne daga cikin ukun matsala ce mai zaman kanta.

Matsayin likitoci

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna lissafa wannan hali cikin cututtukan tabin hankali. A shekarar 2013 ƙungiyarsu ta Amurka ta sauya fasalin bayaninsa, ta mayar da hankali kan ƙuncin da mutum yake ji saboda saɓanin da ke tsakanin jikinsa da yadda ya ɗauki kansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a sabon kundinta na rarraba cututtuka, ta mayar da shi babin lafiyar jima'i, kuma kundin ya fara aiki a watan Janairun 2022. Masu goyon bayan matakin sun ce zai rage ƙyama, masu suka kuma sun ce matsin lambar 'yan fafutuka ne ya kawo shi, ba sabon binciken kimiyya ba.

Dokokin ayyana jinsi da baki

Dokar Birtaniya ta 2004 ta yarda baligi ya sauya jinsinsa a takardar haihuwa, amma sai ya kawo shaidar likita, ya kuma nuna ya yi shekara biyu yana rayuwa a jinsin da yake nema, sannan wani kwamiti ya duba. Ajantina ce a 2012 ta kafa doka da ta zama abin koyi wajen soke irin waɗannan sharuɗɗa, ta ce furucin mai nema ya wadatar. Denmak ta bi sahu a 2014, Ayilan da Malta a 2015, Sifen a 2023, sannan dokar Jamus ta fara aiki a watan Nuwamban 2024. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce tilasta wa mutum bin layin likitoci da kwamitoci kafin a amince da shi wulaƙanci ne, kuma takardar da ta saɓa wa kamanninsa tana jawo masa matsala a wurin neman aiki da a kan iyakokin ƙasa.

Adawar da ta fi tasiri a Birtaniya ba daga majami'u ta taso ba, daga ƙungiyoyin mata ta taso. Sun ce an keɓe wa mata gidajen yari, da ɗakunan kwanciya a asibiti, da mafakar waɗanda aka ci zarafinsu, da gasar wasanni ne saboda bambancin halitta, don haka idan furuci ya isa buɗe waɗannan ƙofofi, keɓewar ta rasa ma'ana. Majalisar Sikotilan ta zartar da dokar ayyana jinsi a Disamban 2022, tare da rage shekarun cancanta daga 18 zuwa 16, amma gwamnatin Landan ta hana ta aiki a Janairun 2023. A ranar 16 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa mace a Dokar Daidaito ta 2010 tana nufin mace ta halitta. Hukumomin ninƙaya da na guje-guje na duniya ma, a 2022 da 2023, sun hana wanda ya balaga a matsayin namiji shiga gasar mata.

Batun yara

Nan ne maganar ta fi tsanani, domin abin da ake taɓawa jikin yaro ne da bai gama girma ba. Tsarin ya samo asali ne daga likitocin ƙasar Holan a shekarun 1990. Matakin farko shi ne allurar da take hana ƙwaƙwalwa aika saƙon da yake tayar da sinadaran balaga, ana fara ta idan alamun balaga sun soma bayyana, kuma a tsarin Holan na asali ba a fara ta kafin shekara 12. Maganin ba sabo ba ne, an daɗe ana ba yaran da balaga ta zo musu da wuri ƙwarai, sai dai a can ana dakatar da shi idan yaro ya kai shekarun da tsararrakinsa suke balaga. Mataki na biyu, daga shekara 16, shi ne ba da sinadarin ɗaya jinsin, wanda yake kaurara murya ya fito da gemu ga 'ya mace, ko ya fito da nono ga ɗa namiji. Tiyata ita ce ta ƙarshe, daga shekara 18. Binciken da aka gina tsarin a kansa ya fito a 2011 da 2014, na farko a kan matasa 70, na biyu a kan 55, dukkansu an tace su sosai, an zaɓi waɗanda halin ya bayyana gare su tun suna ƙanana kuma ba su da wata babbar larurar ƙwaƙwalwa.

Abin da ya biyo baya ya sha bamban da wannan ƙaramin rukuni. Asibitin Tavistock na Landan, wanda ya kasance babbar cibiyar kula da irin waɗannan yara a Ingila, yana karɓar ƙasa da yara 100 a shekara wajajen 2009, amma a shekarar 2021 zuwa 2022 waɗanda aka tura sun haura 5,000. Yawan kaɗai bai ba likitoci mamaki kamar sauyin da aka gani a irin yaran ba. A da yawancinsu maza ne da halin ya fara tun suna ƙanana, daga baya sai rinjaye ya koma ga 'yan mata matasa, da yawansu kuma suna fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko larurar otizim mai wahalar da mu'amala da mutane. Wasu masana sun ce raguwar tsangwama ce ta sa yara suka samu ƙarfin halin yin magana, wasu kuma sun ɗora alhakin a kan tasirin ƙawaye da kafofin sada zumunta.

Keira Bell, wadda aka fara ba maganin tana shekara 16, aka kuma cire mata nono bayan ta girma, ta dawo ta yi nadama ta kai asibitin kotu. A Disamban 2020 Babbar Kotu ta ce da wuya yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ya fahimci abin da yake amincewa da shi, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a Satumban 2021, ta ce wannan tantancewa aikin likita ne, ba na alƙali ba. A daidai lokacin hukumar lafiya ta Ingila ta riga ta ɗora wa Dakta Hilary Cass, ƙwararriyar likitar yara, alhakin bin diddigin lamarin. Rahotonta na ƙarshe ya fito a Afrilun 2024, bisa nazarin da masana Jami'ar York suka yi wa binciken da ake da shi, kuma ya kammala cewa hujjar amfanin waɗannan magunguna ga yara mai rauni ce ƙwarai. Ya nuna damuwa a kan ƙarfin ƙashi, da girman ƙwaƙwalwa, da haihuwa, ya kuma lura cewa kusan duk yaran da aka fara wa allurar tsayar da balaga suna zarcewa zuwa mataki na biyu, abin da ya raunana cewar da ake yi wai allurar hutu ne kawai na yin tunani. An rufe sashen na Tavistock a Maris 2024, kuma a Disambar shekarar gwamnati ta mayar da haramcin wucin gadi da ta sanya a kan sayar da maganin tsayar da balaga ga yaran da ba a riga an fara musu shi ba don wannan larura ya zama marar wa'adi, sai dai a ƙarƙashin binciken kimiyya. Finlan tun 2020, da Suwidin a 2022, sun riga sun taƙaita shi, suka fifita kulawar masana halayyar ɗan Adam.

A Amurka manyan ƙungiyoyin likitocin yara da na sinadaran jiki sun tsaya a kan goyon bayan maganin. Suna cewa yaran suna cikin ƙunci na gaske, barin balaga ta ci gaba shi ma zaɓi ne da ba a iya warwarewa, kuma raunin hujja ba baƙon abu ba ne a likitancin yara. Jihar Arkansas ce ta fara haramta shi a 2021, jihohi fiye da 20 suka biyo baya, sannan a Yunin 2025 Kotun Ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta tabbatar da dokar jihar Tennessee mai haramta shi. Iyayen da abin ya shafa suna cikin halin gaba kura baya sayaki, domin wani likita yana tsoratar da su da cewa yaro zai iya hallaka kansa, wani kuma yana tsoratar da su da rashin haihuwa. Rahoton Cass bai samu hujjar cewa maganin yana rage kisan kai ba, kuma duk wanda ya auna maganganun ɓangarorin biyu da adalci zai ga nauyin kawo hujja yana kan mai son taɓa lafiyayyen jikin yaro. Wannan bai rage komai daga gaskiyar cewa ƙuncin yaran na haƙiƙa ne ba, kuma yaron da ya faɗi damuwarsa aka mayar masa da duka ko izgili an ƙara masa ciwo ne.

Mahangar fiƙihu

Malaman Musulunci sun raba mas'alar gida biyu. Wanda halittarsa ta cika namiji ko mace, jumhurin malaman Sunna sun haramta masa sauya ta, suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i mai magana a kan canza halittar Allah, da hadisin Ibn Abbas a Sahihul Buhari da ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta fitar da matsaya a kan haka a 1989, ta kuma halatta yi wa mata-maza aiki don a bayyana jinsin da ya rinjaya a halittarsa. Iran ta bi wata hanya daban, bisa fatawar Ayatullahi Khumaini ta shekarun 1980 da ta halatta tiyatar. Pakistan ta yi dokar ayyana jinsi a 2018, amma Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke muhimman sassanta a Mayun 2023. Fadar Paparoma ma, a wata takarda ta Afrilun 2024, ta ƙi amincewa da sauya jinsi, amma ta cire masu larurar halitta daga wannan hukunci.

Hukuncin mata-maza kuwa tsoho ne a karatun zaure. Ɗalibin da ya sauke Muhtasar na Shehu Halil a Kano ya san da mas'alar hunsa, wato mata-maza, littafin ya ƙare, inda aka ba wanda halinsa ya rikice rabin gadon namiji da rabin na mace, aka kuma lissafa alamun da suke warware rikicin, kamar mafitar fitsari, da fitowar gemu ko nono, da jinin haila.

Yadda abin yake a Kano

Nijeriya ba ta da dokar da ta ba mutum damar sauya jinsinsa a takardu da furucinsa. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14, amma a kan aure da tarayya take magana, ba a kan magani ba. Kano ta koma aiki da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, kuma shigar mata ga namiji tana cikin abubuwan da hukumar take kamawa a kai. 'Yan daudu sun daɗe a birnin kafin wannan muhawara, an san su da sana'ar abinci a tashoshin mota da kasuwanni da kuma alaƙa da bori, kuma galibi suna ɗaukar kansu maza ne masu ɗabi'ar mata, wasunsu ma da aure da 'ya'ya, don haka jingina musu ma'anar da Turawa suke gardama a kanta kuskure ne.

Yaran da batun ya fi shafa a Kano su ne waɗanda aka haifa da al'aurar da ba ta fayyace ba. Ana raɗa suna ran bakwai, dangi suna jiran jin namiji ne ko mace, sai iyaye su yanke hukunci da ido, su rufe maganar saboda kunya, har sai balaga ta zo ta tona abin da aka ɓoye, wani lokaci bayan an riga an sa ranar aure. Sababin da ya fi yawa ga jarirai mata shi ne larurar wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda, wadda take fitar da sinadarin maza fiye da kima, kuma nau'inta mai tsanani yana zubar da gishirin jiki har ya iya kashe jariri cikin makonnin farko idan ba a ba shi magani ba. Saboda haka likitocin yara suke son a kai irin wannan jariri babban asibiti tun kafin suna, a yi gwajin jini da hoton ciki. Lokacin da ya dace a yi tiyatar gyara shi ma abin saɓani ne a tsakanin likitocin duniya, wasu suna ganin a yi ta da wuri don yaro ya tashi da jinsi ɗaya sananne, wasu suna ganin a jira ya yi wayo a ji ta bakinsa idan jinkirin ba zai cutar da lafiyarsa ba, kuma Malta ta mayar da wannan jinkiri doka tun 2015.