Kiɗa da Waƙar Gargajiya a Jos

Kiɗan gargajiya na Jos gado biyu ne a gari ɗaya: na al'ummomin da suka daɗe a kan tudun Filato, irin su Birom da Afizere da Anaguta, da na Hausawa da sauran baƙi da haƙar kuza ta jawo tun farkon ƙarni na 20.

Kiɗan mutanen duwatsu

Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga duwatsun Shere ta gabas. Waƙoƙin mazauna duwatsun sun rataya ne da noman acca da farauta da shigowar damina. Birom suna kaɗa kundung, wato katakai da ake jerawa bisa ƙahonin shanu a buga da sanduna. Afizere, waɗanda Hausawa ke ce wa Jarawa, an san su da rawar asharuwa mai busar sarewa.

Zamanin kuza

Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso yankin wajen 1914, barikokin kuza suka cika da leburori, makaɗan goge da kalangu suka bi sawunsu. A wannan duniya ta bariki aka haifi Adamu Ɗanmaraya Jos a Bukuru, a 1946 bisa yawancin ruwayoyi. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, daga nan laƙabin ya samo asali.

Abin kiɗansa kuntigi ne, ɗan gwangwani da aka rufe da fatar akuya, mai tsirkiya ɗaya tal. Shi kaɗai yake kiɗa da waƙa, ba 'yan amshi. Makaɗan fada a Kano da Sakkwato sarakuna suke yi wa waƙa, shi kuwa ya waƙe karen mota, ya yi magana kan auren dole da zaman mai akwai da babu. Muhimmancinsa a nan yake: ɗan ci-rani da ya bar garinsu ya ji rayuwarsa a cikin waƙa, kuma sunan Jos na liƙe da sunan mawaƙin. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015.

Batun asali

Tsakanin masu gadon nan biyu ana jayayya kan wane ne ɗan asalin Jos, kuma rikicin da ya ɓarke a garin a 2001 ya raba unguwanni da dama.

A yau

Ana jin kundung a bikin Nzem Berom, wato bikin al'adun Birom. Masu kaɗa kuntigi sun yi ƙaranci.