Sabon Kurmi a Kan Saura

Sabon kurmi shi ne dajin da ke sake tashi da kansa a gonar da aka sare, aka nome, sannan aka bari ta koma saura, a yankunan da ruwan sama ke zuba kusan duk shekara, kamar Amazon da Kwango da kudu maso gabashin Asiya. A Brazil ana kiransa capoeira.

Ciyayi ne ke fara rufe ƙasa. Kututturan da manomi bai tumɓuke ba su yi toho, jemagu da tsuntsaye kuma su ci 'ya'yan itace a tsohon kurmin da ke kusa, su zo su kasayar da irin a fili. Sai itatuwa masu son rana su yi sama da sauri, Cecropia a Kudancin Amurka, Musanga a Afirka. Ba su da ƙwari, ba sa daɗewa, amma a inuwarsu manyan itatuwan katako ke tsiro.

Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2021, kan wurare 77 a nahiyar Amurka da Yammacin Afirka, ya gano ƙasa kan farfaɗo cikin ƙasa da shekara 10, kuma a shekara 20 dajin kan maido kusan kashi 78 cikin 100 na siffofin tsohon kurmi. Kafin ire-iren itatuwan asali su dawo, sai an haura shekara 120. Duhun ganye kan ruɗi ido. Daji mai shekara 20 jariri ne.

Tsibirin Puerto Rico babban misali ne. A shekarun 1940 daji ya ragu zuwa kusan kashi 6 cikin 100 na ƙasar. Da manoma suka koma birane da masana'antu, gonaki suka cike, yau daji ya rufe kusan rabin tsibirin. Itacen da ya fi yawa a ciki, Spathodea, daga Afirka aka kai shi.

Ba ko'ina abin ke yiwuwa ba. Inda shanu suka daɗe suna kiwo, ko ake yawan cinna wuta, tofa kan mamaye fili ta hana komai tsiro, kamar a Indonesiya. Gatari ma na dawowa: a kudancin Costa Rica an gano rabin sababbin kurmin ana sake sare su kafin su cika shekara 20.