Shaidar ba-zata a kotu: abin da fim ke nunawa da abin da dokar Amurka ta tanada

Duk mai kallon finafinan shari'a na Amurka ya san wannan wurin. Shari'a ta zo gangara, lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ya rasa tudun dafawa, sai a turo ƙofar kotu da ƙarfi, wani ya shigo da takarda ko faifan bidiyo, ko kuma a kira mai shaidar da babu wanda ya san da zamansa. Kotu ta kaure da hayaniya, alƙali na buga gudumarsa, gaskiya ta yi halinta. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin 'yan kallo. Wasu su ce ai wannan tatsuniya ce, babu alƙalin da zai yarda da haka. Wasu su ce in dai gaskiya ce ta zo, wace doka ce za ta tare mata hanya?

Masu magana ta farko sun fi kusa da daidai, amma ba su gama faɗin gaskiyar ba. Kafin a fara zaman shari'a akwai mataki guda da fim ba ya son nunawa don ba shi da armashi, wato musayar hujjoji. Kowane ɓangare yana buɗe wa ɗan uwansa wani kaso na abin da ke hannunsa. A kotunan tarayya, doka ta 16 cikin ƙa'idojin shari'ar laifuka ta tilasta wa mai gabatar da ƙara, in an nema, ya nuna bayanan da wanda ake tuhuma ya yi wa jami'an tsaro, da takardu da kayan da za a kafa hujja da su, da sakamakon gwaje-gwaje, da abin da ƙwararru za su faɗa. Wanda ake tuhuma kuma, da zarar ya nemi irin waɗannan ya samu, shi ma dole ya buɗe nasa. Dalilin a fili yake: hujjar da aka faɗo da ita kwatsam babu lokacin bincikenta. Ba a san ko takardar jabu ba ce, ba a san ko mai shaidar sayensa aka yi ba.

Jarumin fim yakan zama lauyan da ke kare mai rauni, shi ya sa muke tafa masa in ya ɓoye shaida har zuwa minti na ƙarshe. A kotu ta gaske wannan wayon na iya halaka wanda yake karewa. Haka ta faru a shari'ar Taylor da jihar Illinois. Ana tuhumar Ray Taylor da yunƙurin kisa, sai a rana ta biyu da fara shari'a lauyansa ya nemi ƙara sunayen masu shaida, yana cewa yanzu ya same su. Da alƙali ya bincika, sai ta bayyana cewa lauyan ya riga ya gana da ɗaya daga cikinsu tun kafin a fara zama. Alƙali ya hana mutumin ba da shaida, aka ɗaure Taylor shekara 10, kuma a 1988 Kotun Ƙoli ta ce alƙalin bai saɓa wa tsarin mulki ba. Lauya ne ya yi laifin, amma Taylor ne ya kwana a gidan yari. Ban taɓa jin daɗin wannan hukunci ba, sai dai ita ce dokar. Tun kafin nan, a 1970, kotun ta amince a shari'ar Williams da jihar Florida cewa jiha na iya tilasta wa wanda zai ce ba ya wurin lokacin da aka aikata laifi ya faɗi haka tun da wuri, tare da sunayen waɗanda za su tabbatar masa.

Wannan ba ya nufin ba a shan mamaki a kotu. A kotunan tarayya, in ba a shari'ar cin amanar ƙasa ko wadda ake iya yanke hukuncin kisa ba, babu dokar da ta wajabta wa gwamnati miƙa jerin sunayen masu shaidarta, duk da cewa alƙalai da dama kan ba da umarnin a yi hakan, jihohi da yawa kuma sun wajabta. Akwai kuma dokar Jencks ta 1957, wadda ta ba gwamnati damar riƙe bayanan da mai shaidarta ya yi a baya har sai ya gama ba da shaidarsa ta farko a gaban kotu. Mai shaidar da aka kira don ya ƙaryata abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa shi ma yana iya fitowa ba tare da an sanar da shi tun farko ba. Idan kuma sabuwar hujja ta ɓullo da gaske a tsakiyar shari'a, abin da yakan faru shi ne alƙali ya fitar da 'yan juri, wato mutanen gari da ke yanke hukuncin ko an yi laifi, ya saurari lauyoyi, sannan ya ɗage zama na 'yan sa'o'i ko kwanaki don ɗaya ɓangaren ya duba. Babu ihu, babu suma.

Abin da ya fi damuna da waɗannan finafinai wani abu ne daban. Suna koya wa mai kallo cewa hujjar da aka ɓoye a ƙarshe sai ta iso kotu. A rayuwa ta gaske, babbar masifa ita ce hujjar da ba ta taɓa isowa ba, tana kwance a cikin fayil ɗin mai gabatar da ƙara ko a ofishin 'yan sanda. Don ita aka kafa ƙa'idar da lauyoyin Amurka ke kira da sunan Brady.

A 1958 aka kama John Brady da abokinsa Boblit kan kashe wani mutum a jihar Maryland lokacin fashi. Brady bai musa cewa yana wurin ba, amma ya ce Boblit ne ya yi kisan da hannunsa. Lauyansa ya nemi ganin bayanan da Boblit ya yi wa hukuma, aka nuna masa wasu, aka riƙe guda ɗaya, wanda a ciki Boblit ya amsa cewa shi ya yi kisan. Aka yanke wa Brady hukuncin kisa. A 1963 Kotun Ƙoli ta ce ɓoye hujjar da ke taimakon wanda ake tuhuma, wadda ke da tasiri kan laifin ko kan hukuncin, tauye haƙƙinsa ne na samun shari'a ta adalci, ko da gangan aka yi ko bisa kuskure. A lura da wannan gaɓar ta ƙarshe: ba niyyar mai gabatar da ƙara ake dubawa ba, cutarwar ake dubawa. Daga baya aka faɗaɗa ƙa'idar. Shari'ar Giglio ta 1972 ta ce in an yi wa mai shaida alkawarin sassauci don ya yi magana, dole a faɗa. Shari'ar Kyles ta 1995 ta ce mai gabatar da ƙara ba zai fake da cewa 'yan sanda ba su gaya masa ba, nauyinsa ne ya nemo abin da suka sani.

A takarda ƙa'idar tana da kyau. Rauninta shi ne wanda ke neman a ɗaure ka shi ne kuma aka damƙa wa alhakin tantance abin da zai amfane ka, kamar an ba kura ajiyar nama. Kuma ko an gano ya ɓoye, ba a soke hukunci kai tsaye. Tun shari'ar Bagley ta 1985, sai wanda aka ɗaure ya nuna cewa akwai yiwuwa mai ma'ana da sakamakon ya bambanta in da an bayyana hujjar. Kai ƙarar mai gabatar da ƙara don neman diyya kuwa kusan rufaffiyar ƙofa ce, saboda kariyar da Kotun Ƙoli ta ba su a shari'ar Imbler ta 1976.

Labarin Michael Morton na jihar Texas ya isa misali. A 1987 aka yi masa ɗaurin rai-da-rai kan kashe matarsa. Hukuma na riƙe da bayanin da surukarsa ta bayar cewa ɗan Morton mai shekara uku ya ce wani dodo ne ya yi, kuma babansa ba ya gida, ga rahoton maƙwabta kan wani mutum da ke ajiye koriyar mota a bayan gidan. Lauyoyinsa ba su ga ko ɗaya ba. Sai a 2011, bayan kusan shekara 25, gwajin ƙwayoyin halitta a jikin wani ƙyalle da aka tsinta kusa da gidan ya nuna wani mutum daban, aka sake shi. Mai gabatar da ƙarar, Ken Anderson, wanda a lokacin ya zama alƙali, ya rasa lasisinsa na lauya, aka yanke masa kwana 10 a gidan yari. Kwana 10 a kan shekara 25. Abin alherin da ya fito shi ne dokar da Texas ta kafa a 2013 da sunan Morton, wadda ta tilasta buɗe fayil ɗin gwamnati ga lauyan wanda ake tuhuma.

Wani lokaci kuma abin yakan fashe a gaban kotu kusan yadda fim ke so. A watan Yulin 2024 ana shari'ar ɗan wasa Alec Baldwin a jihar New Mexico kan kisa ba da gangan ba, bayan harbin da ya kashe mai ɗaukar hoton fim ɗin, Halyna Hutchins, a wurin ɗaukar fim a 2021. Sai ta fito cewa an kawo wa jami'an tsaro wasu harsasai da aka ce wataƙila suna da alaƙa da lamarin, aka shigar da su ƙarƙashin wata lambar fayil daban, ba a gaya wa lauyoyinsa ba. Mai shari'a Mary Marlowe Sommer ta kori ƙarar, ta kuma hana a sake shigar da ita. Ba ta ce harsasan sun wanke shi ba. Ɓoyewar ce kaɗai ta kashe shari'ar.

Baldwin yana da manyan lauyoyi kuma shari'arsa ta kai gaban juri. Yawancin mutane tasu ba ta kaiwa can. A wani hukunci na 2012 Kotun Ƙoli da kanta ta ce kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka samu da laifi a kotunan tarayya, da kashi 94 a kotunan jihohi, amsa laifi suka yi ba tare da an yi zaman shari'a ba. Kuma tun 2002, a shari'ar Ruiz, kotun ta yanke cewa ba dole ba ne gwamnati ta bayyana abin da ke zubar da ƙimar masu shaidarta kafin mutum ya sa hannu a kan yarjejeniyar amsa laifi.