Zama a unguwannin Dakar ga mai aiki ta intanet: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da na kama haya a unguwar Mermoz, da wuya mako ya wuce ban sami saƙo daga wani ɗan'uwa a Kano, Kaduna ko Maraɗi ba, yana cewa aikinsa a kwamfuta yake, kuma yana so ya koma Dakar da zama. Tambayoyin ba sa canzawa, shi ya sa na tara su wuri guda.

Dole ne sai na iya Faransanci?

Dole ne. Yarjejeniyar haya, takardun banki da duk abin da ya fito daga hukuma da Faransanci ake rubuta su, kuma bai dace mutum ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. A kasuwa da cikin tasi kuwa Wolof ne ke ci.

Ina bukatar biza?

Mai fasfon Najeriya ba ya bukata. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi kwana 90.

Wace unguwa ce ta fi?

Wadda aljihunka zai iya ɗauka. Almadies da Ngor suna bakin teku, can Turawa da ma'aikatan ofisoshin jakadanci suka fi yawa, haya kuma ta yi tsada ƙwarai. Plateau ofisoshi ne da cunkoso. Mermoz, Sacré-Cœur da Point E sun fi dacewa da mai son shiru da rana, Ouakam da Yoff kuma sun ɗan fi sauƙi. Ina roƙonku don Allah ku daina tura kuɗin ajiya ga dillalin da kuka gani a Facebook kafin ku taka ƙafa cikin gidan. Ku zo, ku buɗe famfo, ku tambayi maƙwabta inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta da Satumba.

Intanet da wuta fa?

Akwai layin gida mai ƙarfi na Orange a yawancin unguwannin nan, wutar Senelec, kamfanin lantarki na ƙasar, kuma da mitar Woyofal ake saye, ka biya kafin ka sha. Sai dai a tuna cewa an katse intanet na wayar hannu lokacin rikicin siyasa a watan Yuni na 2023 da Fabrairu na 2024, don haka wanda abincinsa ya rataya a kan intanet kada ya dogara da layin waya kaɗai. Agogon Dakar yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Idan na wuce kwana 90, kuma daga waje ake biyana, me ya hau kaina?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma sai a bar ta ƙarshe. Amsarta ta danganta da abubuwa da dama. Na farko, izinin shiga daban ne da izinin zama: wanda zai daɗe yana bukatar katin shaidar baƙo daga 'yan sandan da ke kula da baƙi, kuma galibi za a nemi shaidar inda yake zaune da shaidar abin da yake ci da shi, wanda ke nufin haya ta baki da baki ba za ta yi masa amfani ba. Na biyu shi ne haraji. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tun da kamfaninsu yana Landan ko Legas, Senegal ba ta da hurumi a kansu, alhali wanda ya yi fiye da kwana 183 a ƙasar, ko ya mayar da ita mazauninsa na dindindin, ana iya lissafa shi cikin masu biyan haraji a nan. Ko zai biya, da nawa zai biya, ya danganta da ko ma'aikaci ne mai albashi ko mai zaman kansa, da ƙasar da kuɗin ke fitowa, da kuma ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakaninta da Senegal. Ga 'yan'uwanmu na Nijar akwai ƙarin bayani: Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasar har sai an yanke wata shawara, kuma Nijar da Senegal suna tare har yanzu a cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Irin wannan matsayi yana iya sauyawa, saboda haka a tambayi ofishin jakadanci kafin a sayi tikiti. Kada hankalinka ya tashi, malam, abu ne da ake warwarewa, amma ka zauna da akanta na ƙasar tun a watanka na biyu, kada ka jira sai na bakwai.

Rayuwa tana da araha?

A'a. An ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka mai karɓar yuro ya san lissafinsa, mai karɓar naira kuwa kowane wata sai ya sake lissafi. Ka buɗe asusun kuɗi na waya, Wave ko Orange Money, a makonka na farko, domin har mai shagon unguwa da su yake karɓar kuɗi.

Zan iya kai ziyara Kaulaha?

Ƙwarai kuwa. Tafiyar kusan kilomita 190 ce zuwa Madina Baye, inda Shehu Ibrahim Inyass yake kwance, kuma lokacin Maulidi za ka ji Hausa ta ko'ina.

Mutanen unguwa suna karɓar baƙo?

Suna karɓa, suna ma alfahari da karamcin da suke kira teranga. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ɗan'uwan da zai kulle kansa a ɗaki da kwamfuta wata uku, ya wuce dattawan ƙofar gida ba sallama, sannan ya rubuto mini cewa mutanen Dakar ba su da sakin fuska. A gida ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Ka yi sallama, ka ce "Nanga def", ka halarci masallacin unguwa, in an kira ka cin shinkafa da kifi da rana ka wanke hannu ka zauna. Ni ma mai gadin gidanmu ne ya nuna mini ofishin da ake karɓar takardar shaidar zama a unguwa, bayan na yi mako biyu ina gaishe shi kowace safiya.